Ƙafa Uku Masu Ruwan Ɗorawa a Gonar Baba Nomau

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tashar Gazawa, ni da wani abokina da muke koyarwa a lakol ɗaya, wato makarantar boko. Hutu ya kusa ƙarewa, damina ma ta fara haɗa kayanta. Jakata na baya, kyamara na ciki a naɗe da tsohon rawani. A bayan ƙofar ɗaki na baro tsohuwar ƙafar kyamarata, wato ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai don kada hannu ya girgiza hoto. Masu bibiyar hotunana sun san labarinta. A wajen wani tsohon mai hoto na same ta lokacin da ya rufe shago, baƙa ce, kuma nauyinta ya kai na turmi. Bara da na kai ta gonakin aya, kwana uku matata tana gasa mini kafaɗa tana yi mini dariya. Shi ya sa na rantse bana sai na sayi marar nauyi a Maraɗi, a kan hanya.

Inda muka nufa ƙauyenmu ne na asali, can bayan Gidan Sori, wajen ƙanen mahaifina, Baba Nomau. Ina da shekara shida mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta dawo da mu Gazawa wurin danginta, ni da ƙannena mata biyu. Gonar da ya bari tun ran nan tana hannun Baba Nomau. Shi ke nomanta, da ita yake cika rumbun gidansa, kuma bai taɓa barin kaka ta wuce bai aiko mana da hatsi ba. Ba a taɓa zama an yi maganar gonar ba, ni ma ban taɓa sa ta a raina ba, don ko hauya aka ba ni sai na tambayi ina ne gabanta. Sunan kakanmu na ci, saboda haka Baba Nomau bai taɓa kiran sunana ba. "Babana" yake ce mini, tun ina yawo ba wando har na yi gemu.

Gonar nan fako ce lokacin da ya karɓe ta. Shi ya riƙa barin tohon itace idan yana sassabe, yana yi musu aski, har yau ga gawo, ga kalgo, ga aduwa, ta zama abin kallo. Niyyata in ɗauke ta gaba ɗaya lokacin da gero ya cika kai, in wanke hoton babba, in sa masa gilashi in kai masa ranar salla. Ban gaya masa ba. Na dai yi masa waya na ce muna tafe.

Motar ba ta cika ba sai da rana ta fito. Kafin nan mun sha kunu da ƙosai a bakin tasha, mai ƙosan tana ta rantsuwa cewa wake ne ya yi tsada, ba ita ta rage musu girma ba. Wurin mutum uku aka zuba mu huɗu, wani bawan Allah ya ɗora mini kwandon zabi a kan gwiwa ya ce minti biyar ne, minti biyar ɗin nan har Agiye. Amma hanya ta biya ni. Hagu da dama gero ya fi mutum tsawo, wake ya shimfiɗu a ƙarƙashinsa, gonakin aya sun yi kore shar kamar an share su da tsintsiya. Duk inda muka wuce tabki sai ka ga shanu sun kewaye shi, balbela na bin su.

A Agiye aka tsaya sauke kaya. 'Yan talla suka yanyame motar da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara. Abokina ya sayi masara biyu, ya yi ciniki kamar zai sayi raƙumi, a ƙarshe ya biya abin da aka faɗa masa tun farko. Daga nan sai shingen jandarma, kowa ya fito da katinsa, wata tsohuwa ta kwance ƙulli uku a bakin zane kafin ta kai ga nata, mota duka tana jira, ba wanda ya isa ya ce uffan. Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Maraɗi.

Shagon da aka kwatanta mini yana cikin layin masu kayan waya. Mai shagon ya fito mini da iri uku ya jera a ƙasa. Ta farko siririya ce, irin ta masu ɗaukar kansu da waya, jika shida, wato sefa dubu shida. Na ɗora kyamara a kai, ƙafafun suka hau rawa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Na ce a mayar. Ta biyu baƙa ce, ba nauyi ko kaɗan, ka naɗe ta ta shige jaka, ka buɗe ta ta kai ƙirji, ka tura ta da yatsa ko gezau. Na tambayi kuɗi, ya ce jika arba'in da biyar. Na ajiye ta a hankali na ja da baya, don albashin malamin lakol ba ya son wasa da wuta.

Ta ukun ta alminiyam ce. Ta ɗan fi ta biyun nauyi, amma hannu ɗaya na ɗaga ta. Makullan ƙafafunta suna kamawa gam, kanta yana juyawa ba ya zamewa, kuma tana da ƙugiya a ƙasa inda za ka rataya jaka don iska kada ta ture ta. Duk abin da nake nema ke nan. Launi biyu gare ta, baƙa jika goma sha takwas, mai ƙafafu ruwan ɗorawa jika goma sha shida. Na tambayi dalilin bambancin, ya ce ba komai, mutane ne ba sa son launin, ta daɗe a shago. Na dubi abokina na ce, ni da zan kafa ta a daji, wa zai duba launinta, zomo? Ya ce araha dai ba ta ado. Na ce ba ado na zo saya ba. Na biya jika goma sha shida ina jin kaina gwanin ciniki, har na saya mana fura da nono da ragowar.

Daga Maraɗi zuwa Tibiri ba nisa, amma a Tibiri muka lalace. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, 'yan kabu-kabu suka ce hanyar Gidan Sori ta ɓaci, wanda ya yarda ya tafi sai ya ninka kuɗi. Muka yi azahar a can, muka ci shinkafa da wake da mai da yaji a wata rumfa, sannan muka samu babura biyu. Hanyar kuwa rabinta yashi rabinta taɓo. Sau uku muna sauka muna turawa. A wani wuri muka bi bayan amalanken shanu mai ɗauke da ciyawa kusan rabin awa, hanya ta matse tsakanin gonaki, mai amalanken yana gyangyaɗi, shanun ma ba su ga dalilin sauri ba.

La'asar ta yi sakaliya muka hango ƙauyen. Duk mai ɗaukar hoton fili ya san lokacin nan, rana ta kwanta, haskenta ya yi laushi, kowane kan gero ya yi kamar an shafa masa mai. Minti arba'in ne, in ya wuce ya wuce. Ga kuma hadari yana haɗuwa a gabas, na tabbata gobe gari zai tashi a lumshe, jibi kuma dole mu koma. Hanyar gonar ta ƙofar gidan Baba Nomau take bi. Abokina ya ce mu sauka mu gaisa tukuna. Na san gidanmu: gaisuwa, ruwa, fura, a kira wance ta zo ta ga Babana, a tambayi mutanen Gazawa ɗaya bayan ɗaya har da kaji. Kafin a gama rana ta faɗi. Na ce wa mai babur ya wuce. Na ga tabarmar Baba a shimfiɗe a ƙofar gida, da butarsa, shi ba ya wurin, na ce a raina ai ma ba wanda ya gan mu.

Gonar ta fi yadda nake zato kyau. Na zaro sabuwar ƙafar, cikin ƙiftawar ido ta tsaya. Inda ya fi dacewa a ga gonar duka shi ne kusurwar gabas, daidai kan layin gamba da ya raba ta da ta maƙwabci, don haka a nan na kafa. Na duƙa, na rufe ido ɗaya, na leƙa. Don a ga tsawon geron, na ce wa abokina ya tafi can ƙarshen gona ya tsaya. Ya tafi, ya tsinci wani dogon kara ya riƙe a tsaye don in hango shi, ni kuma ina yi masa alama da hannu, matsa hagu, matsa dama, tsaya nan. Na gama da wannan kusurwa na ɗauki ƙafar na koma ta biyu, daga nan ta uku, ta huɗu. Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta sunayen itatuwa da lokacin da na ɗauki hoto, a kowace kusurwa sai na fito da shi na yi rubutu.

Wasu mata uku da ke tsinkar ganyen wake a gonar maƙwabta suka miƙe tsaye suna kallonmu. Na ɗaga musu hannu, ba wadda ta ɗaga. Wani dattijon Bafulatani ya biyo burtali da tumakinsa, ya tsaya ya jingina da sanda, ya dubi ƙafafun nan masu ruwan ɗorawa ya daɗe, sannan ya ce, "Allah shi sa alheri ne." Na ce amin, ina ta murna, na ɗauka albarka yake sa wa sana'ata. Matan kuwa tuni sun ɗauki ƙoransu sun yi gari. Iska ta taso, na rataya jaka a ƙugiya, ƙafar ba ta motsa ba. Na yi ta yabonta a gaban abokina har ya gaji.

Gab da magariba muka isa gida. An kawo ruwa, an kawo tuwo miyar kuka da man shanu, matar Baba ta gaishe mu ta koma ciki da wuri, abin da ba ta saba ba. Baba Nomau ya fito ya ba ni hannu, ya ce, "Mushe, kun iso lahiya?" Mushe, wato malam, yadda ɗalibai da iyayensu ke kirana a lakol. Na yi dariya na ɗauka tsokana ce. Shi bai yi ba. Kullum na zo a irin wannan lokaci da hannunsa yake gasa mini tumu, wato ɗanyen kan gero, ya murje ya hure ya zuba mini a tafi. Ranar ba a hura wuta ba. Na ce wa kaina tsufa ne da gajiya, na kwanta na yi barcina.

Da safe bayan mun karya, sai ga liman, ga wakilin maigari, ga maƙwabtan gona biyu. Baba ya ce in taso mu je gona. A hanya ɗaya daga cikin maƙwabtan ya matso kusa da ni yana magana ƙasa-ƙasa, a nan na ji abin da kowa a garin ya sani ban da ni. Shekarun baya 'ya'yan wani gida da ke zaune a birni sun zo da masu awon fili. Abin awonsu ƙafa uku gare shi, ruwan ɗorawa, ɗaya yana leƙawa, ɗaya yana tsaye a nesa da doguwar sanda, ana bin kusurwa huɗu ana rubutu a littafi. Ba a yi wata biyu ba gonar ta koma hannun wani ɗan kasuwa, wanda ke nomanta ya wayi gari ba shi da inda zai kafa hauya. Tun daga ranar, ƙafa uku masu wannan launi a bakin gona ma'anarsu ɗaya ce a garin.

Muna isa, Baba ya tsaya a kan layin gamba, daidai inda sawun ƙafar tawa guda uku yake a yashi. Ya ce wa mutanen su shaida: gonar nan ta wansa ce marigayi, amana ce a hannunsa, ga mai ita ya zo. Ya nuna iyaka ta gabas da ta yamma, ya ce bai ci ko taki ɗaya ba. Ya ce in an cire amfanin bana ya ɗauke hannunsa.

Na tare shi tun bai rufe baki ba. Na rantse, na fito da kyamara, na nuna musu hotunan ɗaya bayan ɗaya, na buɗe littafin suka ga ba komai ciki sai gawo da kalgo da ƙarfe biyar da rabi. Na faɗi maganar gilashi da salla. Liman ya yi murmushi ya ce ashe hoto ne, wakilin maigari har da tafa hannu, maƙwabtan suka saki fuska. Na ji sanyi, na ce shi ke nan an wuce wurin. Baba ya karɓi kyamarar ya kawo ta kusa da idonsa, ya daɗe yana kallon gonarsa a ciki. Sannan ya miƙo mini.

Ya ce, "Na yarda hoto ne. Ba ka taɓa yi min ƙarya ba. Amma ta ƙohwar gidana kab biyo, kaw wuce. Ka isa ga gona tun ba ka iso gare ni ba. Ga bakin mata nij ji zuwanka."

Na ce, "Baba, rana ce za ta faɗi."

Ya ce, "Ta hwaɗi. Jiya ban runtsa ba. Na ce in yau hoto ne, wata rana ɗiyanka na iya zuwa da na gaske, ni ba ni nan, kai ba ka nan, su iske ɗiyana. Gara in aje ta da raina, gaban mutane. Abin da anka hwaɗi gaban shaidu ba a lashe shi."

Na ce to na ba shi ita kyauta, yanzu, a gaban shaidun nan. Liman ya girgiza kai ya tuna mini cewa ba tawa ba ce ni kaɗai, akwai rabon mahaifiyata da na ƙannena, sai an zauna da su. Na ce to ya ci gaba da nomanta aro. Baba ya ce ya gode, ya tsufa da noman aro. Shekara ashirin da wani abu yana nomanta bai taɓa jin ta a matsayin aro ba, sai da na zo na kafa mata ƙafa uku. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, a gaban liman da kowa. Gonar da ta rage masa ba ta kai rabin wannan ba, kuma mutum goma sha ɗaya ke cin tuwo a gidansa.

Mun ƙara kwana ɗaya, na yi ta bin dattawa, kowa sai ya ce in ba shi lokaci, Nomau in ya kafe sai Allah. Hadarin da na ji wa tsoro ma bai zubar da ko ɗigo ba, yammacin ranar ta biyu ya fi na farko kyau, ina zaune a ƙofar gida ina kallonsa, kyamara na cikin jaka. Da za mu tafi aka ɗaura mini ɗanyun kawunan gero a bayan babur, in na je gida a gasa mini. Baba ya rako mu har bakin hanya, ya yi mana addu'a mai tsawo, ya ce in gai da mutanen gida.

Dawowa ba ni da abin ba ku labari. Hanyar ta bushe, baburan ba su tsaya ba. A Maraɗi abokina ya ce mu koma shagon a canza mini da baƙa, in cika jika biyun. Na ce a canza ta ta yi mini me? A Agiye ya sayi masara ya miƙo mini, na riƙe ta har Gazawa ban ci ba.

Mahaifiyata na zaune tana gyaran zogale na zayyana mata komai. Ba ta katse ni ba. Da na gama tambaya ɗaya ta yi mini: "Ka sha ruwan gidan kafin ka je gonar?" Na ce a'a. Ta ci gaba da gyaran zogalenta. Sai can ta ce a kira ƙannena, bayan kaka mu tafi gaba ɗaya, ita ma za ta je, ko zai ji kunyar matar wansa. Ta ce kada in sa rai da yawa, ta san shi tun yana saurayi.

Masu tambayata wace ƙafar kyamara za su saya don tafiya, ga abin da na sani. Ku ɗaga ta da hannu ɗaya, in kun ji ta a kafaɗa ku ajiye. Ku ɗora kyamararku a kai tun a shago, ku tura da yatsa ku gani. Ku duba makullai, ku nemi mai ƙugiya. Ba sai kun sayi mai tsada ba, tawa ta jika goma sha shida ta yi aikinta ba ta gaza ba, ban taɓa ɗaukar hotuna masu kyan na ranar nan ba. In ƙauye za ku, ku cika jika biyun ku ɗauki baƙa. Amma kada in ɗora wa launi laifin da ba nasa ba ne duka. Da na sauka na gaisa, na sha ruwa, na ce Baba zo ka ga abin da na sayo, da shi zai riƙe mini karan a ƙarshen gona yana dariya. Fili ba ya zama na kowa da kowa don kawai ya yi kyau a ido, akwai mai shi, kuma ana fara ganinsa kafin a ga filin. Da na sani ƙeya ce.

Hoton yana nan cikin kyamara, ban wanke ba, ban kuma sa muku shi ba, kada ku tambaya. Jiya Juma'a na yi wa Baba Nomau waya. Ya ɗauka da wuri, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi yara da sunayensu, ya ce gero ya nuna, jibi za su fara yanka. Na yi ta jan hirar ina jira, har kuɗin wayata suka kusa ƙarewa. Da za mu yi sallama ya ce, "To madalla. A gai da gida, Mushe."